Gaisuwar da Na Yi wa Bishop

Da furfurata na shiga ajin shirin karɓar Ƙarfafawa, wato tabbatar da mutum cikin bangaskiya, a cocinmu na Tudun Wada. Katikis, malamin ajin, ya ce in zo gwajin ƙarshe, na ce, "Malam, ni da nake jan waƙa? Koya wa yara." Na wuce gona.

Ranar bikin, Bishop ya shafa mini mai a goshi, ya ce, "Salama ta kasance tare da kai." Amsar ta gudu daga kaina. Na rusuna na ce, "Yauwa, ranka ya daɗe. Ya iyali?"

Mutumin da a ɗariƙarmu ba ya aure! Matata ta rufe fuska da mayafi. Bishop ya danne dariya, ya nuna jama'a: "Ga su nan, lafiya lau."

Har yau a kasuwa, maƙwabtana Musulmi ma tambayata suke, "Ya iyalin Bishop?"