Uban Firiji da Babi na Biyar

Farfesa Mkhuseli Dyantyi ba ya shiga ofis sai da jar rigar sanyinsa, ko da ranar Janairu, tsakiyar zafinsu a can, na gasa Cape Town. Gumi na bin wuyansa, shi kuwa ya ja zif har haɓa. Ɗalibai na ce masa Uban Firiji a bayan ido. Na san shi sosai. Madubi ɗaya muke dubawa da safe.

Babban mutum ne. Sau ɗaya ya je Antaktika, ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, shekara talatin da suka wuce. Teku ta kwantar da shi rungume da bokitin amai har aka isa, can kuma aka ga ya fi amfani a kicin, ya yi mako shida yana fere dankali. Daga wannan tafiya ya samo laccar shekara talatin.

Yana da wata karramawa ga baƙi. Sai ya shiga ɗakin sanyi, ya ɓallo guntun tsohuwar ƙanƙara, ya jefa cikin kofin ruwa. Iskar da ta daɗe kulle a ciki ta riƙa fita, ƙas-ƙas.

"Ku kasa kunne," in ji shi. "Numfashin duniya ne tun ba a haifi kakanninku ba. Mu da muka taka can mun san muryarta."

A yi tafi, babban baƙo ya shanye. Tasa ƙanƙarar ta ƙare tun bara, amma ɗakin cike yake, kuma ƙanƙara duk fara ce.

Zukiswa Mbekeni ɗalibarsa ce ta digirin digirgir. Ita ta je Antaktika, ita ta haƙo sandar ƙanƙara, har ta baro fatar yatsu biyu a can. Babinta na ƙarshe awon iskar da ke ƙasan sandar ne, kuma wa'adin karatunta a Yuni zai cika.

Ranar awo ta ɗauko sandar. Tafin hannu guda babu, daga ƙasa.

Ta shigo ofis ba ƙwanƙwasawa. Tata take ce masa, wato Baba a yarensu. "Tata, ina babina na biyar?"

"Kimiyya haƙuri ce, 'yata. A zamaninmu, a kan ƙanƙara..."

"A kan dankali dai, Tata. Mutum nawa suka sha?"

Ya duba rufi. Goma sha ɗaya.

"To a sa su cikin masu jarraba ni, tunda sun riga sun ɗanɗana."

Abu ɗaya ke iya sama mata ƙarin shekara da gurbi a jirgin ruwan Disamba mai komawa Antaktika: wasiƙar malaminta zuwa kwamiti, mai faɗin abin da ya ci ƙanƙarar. Juma'a za a rufe karɓa. Ya ɗauko takarda, ya rubuta, "Ni da na taka Antaktika," ya tsaya. Layi na biyu ya fi tekun wuya.

Yau Alhamis. Takardar na nan kan teburina, ƙarƙashin kofin, kuma jar rigar nan ta fara yi mini zafi.