Yaƙin Baron Himma Kulob

Da sunan Wanda Ya halicci jarumai, Ya kuma halicci surukansu, muke buɗe wannan babi. Amma ba'adu, wannan tarihin sadauki ne ɗan sadauki, Malam Tanimu ɗan Gambo mai gyaran fitila, ɗan Jatau wanda ya taɓa korar kura daga bayan gari da tari kawai, ɗan Barmo wanda aka ce shi ya fara sayen takalmi a ƙasar Kukar Sambo, ya kuma riƙa rataya shi a wuya don kada ya cinye. Tanimu dodon lambatu, Tanimu firgicin bola, mai shebur a dama da tsintsiya a hagu, na Tasalla ba ka zama sai kwata ta wuce, Ma'ajin Kayan Aiki na Himma Kulob tun ranar da aka kafa ta a gindin ɗorawar bakin kasuwa.

Sai mai karatu ya sani cewa a wancan zamani babu namijin da ya isa aske gemu a Kukar Sambo face yana cikin wata ƙungiya. Mutanen gabas na Himma Kulob, na yamma na Zumunta Kulob, mata kuma suna da adashinsu wanda ya fi duka biyun tsari, ko da yake ba a faɗin haka a fili. Kowane kulob na da shugaba da mataimaki da magatakarda da mai tsawatarwa da mataimakansu, har muƙamai sukan fi mutane yawa. Mai wannan tarihi ma bai tashi a banza ba, don shi ne Mataimakin Mai Shimfiɗa Tabarma na Biyu, muƙamin da ya riƙe da amana har ranar da akuya ta cinye tabarmar. Aikin kulob kuwa shi ne gayya: cike ramukan hanya, share maƙabarta, yasar rijiya, da uwa uba yasar kwalbatin kasuwa kafin ruwan farko, don in ya toshe, 'yan tumatir a cikin ruwa suke ciniki.

Alfaharin Himma duka yana tattare a abu guda, wato baro. Kore ne shar, mai ƙafar roba, an rubuta HIMMA da farin fenti a gefensa, kuma babu na biyunsa a garin kaf. Kulob ta ci shi ne a gasar tsabtace gari, inda Zumunta ta zo ta biyu aka sallame ta da kwanon sarki na ɗibar ƙasa, abin da mutanen yamma ba su yafe ba har yau. Tanimu aka damƙa wa amanar wannan ganima, tare da mabuɗin sito, wanda ya ɗaura a zare ya rataya a wuya kamar yadda kakan ubansa Barmo ya yi da takalmi.

Musiba ta sauka wata safiya da rani, a siffar tsoho mai sanda. Malam Cindo ne, mahaifin Tasalla, wato surukin jarumin namu. A Kukar Sambo kuwa mutum ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya tsayawa a kan ƙafafunsa a gabansa. Tun daga nesa ake tuɓe takalmi a durƙusa, a zuba wa ƙasa ido kamar an jefar da allura.

Tsohon ya ce, “Ɗan albarka, a ara mini abin nan naku mai ƙafa ɗaya, in kai taki gona.”

Tanimu, daga durƙushe, ya faɗi abin da duk ɗan da ya sami tarbiyya yake faɗa: “Haba Baba, wane irin aro? Ai naka ne.”

To, wannan kalma a garin ana faɗinta a kan allura, ana faɗinta a kan tsani da jaki da turmi, kuma tun kafuwar garin ba a taɓa jin wanda ya ɗauke ta da gaske ba. Ana ce maka naka ne, ka gode, ka dawo da kayan mutane kafin magariba. Amma Malam Cindo sai ya jingine sanda, ya ɗaga hannuwa sama, ya ce, “Nawa ne? Kai, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka.” Ya tura baro ya tafi. Ranar Juma'a ya sanar da dattawa kyautar da surukinsa ya yi masa, aka yi ta zuwa taya murna, aka ajiye baro a zaure aka lulluɓe shi da buhu saboda ƙura. Rubutun HIMMA kuwa ya ce a bar shi, kalma ce mai kyau ga manomi.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai shugaban Himma, Malam Nadabo tela, ya kira majalisar shura, saboda labari ya iso cewa 'yan Zumunta za su zo kwalbati ranar Asabar da kwanon sarkinsu, wai don su taimaka wa marasa kayan aiki.

Shugaba ya ce, “Ma'aji, ina baro?”

Tanimu ya ce, “Ya je ziyara, ranka ya daɗe.”

Aka yi ta muhawara har inuwar ɗorawa ta juya, sannan aka yanke hukunci mai tsanani: in baro bai bayyana a bakin kwalbati ranar Asabar kafin hantsi ya wuce ba, Tanimu zai cire mabuɗin sito daga wuyansa a gaban jama'a, ya koma tabarmar baya, inda sababbin shiga ke zama suna korar kaji.

Nan aka ɗaura yaƙi. A harin farko sadaukin ya fita da jawabi a bakinsa wanda ya tsara da fasaha da balaga, mai gabatarwa da hujjoji da rufewa, ya yi ta maimaita shi a hanya har masu wucewa suna zaton wuridi yake. Ya tuɓe takalmi tun daga gidan maƙwabta, ya durƙusa, ya buɗe fage da ina kwana, ya bi da ina gajiya, ya tambayi iyali da gona da ƙafar da ke ciwo da jaki, ya sake komawa kan iyali. Yana shirin zare jawabi ke nan sai tsohon ya yaye buhu, ya shafa baro, ya ce, “Kullum na dube shi sai na yi maka addu'a.” Jarumin ya ce, “Ba komai, Baba.” Ya ja da baya cikin tsari, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

A hari na biyu ya nemi hanyar sulhu, ya tashi manzo, wato uwargidansa Tasalla, wadda ya samu tana tankaɗe. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, “Ni in je in ce wa ubana ya dawo da kyauta? Malam, bakin da ya bayar ai yana nan a fuskarka. Matsa, kana tare mini haske.” Da haka tattaunawar sulhu ta watse.

Sai ga Asabar, ranar da tarihi ya yi wa tanadi. Tanimu ya sha koko, ya naɗe ƙafar wando, ya ci ɗamara da tsohon rawani, ya fito da rundunarsa mai ɗauke da dakaru biyu: Shekarau mai tsawatarwa da usur a baki, da mai wannan tarihi da ba a ba shi komai ya riƙe ba. Runduna ta ratsa unguwar maƙera, ta ƙetare lambatun masallaci, har ta iso kwanar gidan Malam Cindo, inda dakarun suka ga dacewar su tsaya wajen mai ƙosai don tsare baya. Sadaukin ya ci gaba shi kaɗai.

Ya tarar da tsohon a ƙofar gida tare da dattawan unguwa, waɗanda suka ji sanarwar kyautar da kunnuwansu. Ya durƙusa. Ya nemi jawabi a kansa, gabatarwa ta gudu, hujjoji sun bi ta, rufewa ma ba ta tsaya sallama ba. Mabuɗi ya yi nauyi a wuya, rana tana hawa ba ruwanta. Abin da ya fito daga bakinsa a ƙarshe, da murya kamar ta ɗan tsako, shi ne, “Baba, ko za a ara mana baro?”

Dattawa suka juya suka dubi Malam Cindo. Shi kuwa duk wayonsa ɗan Kukar Sambo ne, harshensa ya riga zuciyarsa: “Haba ɗan albarka, wane irin aro? Ai naka ne.”

Kalmar da ta ci gari ga ta ta dawo gida a gaban shaidu! Tanimu ya zabura kamar an taka wutsiyar damisa, ya faɗa zaure, ya yaye buhu, ya cafki hannuwan baro, ya fito babu takalmi yana kururuwa, “Himma!”

Daga kwana dakaru suka amsa da cikakken baki, “Aiki!”

Bai kai ga bakin lambatu ba sai murya ta biyo shi a hankali: “Kafin la'asar dai, ɗan albarka. Akwai sauran taki.”

Ƙafafun nan da suka yi tsalle, su ne dai suka lanƙwashe da kansu a tsakiyar hanya. Ya ce, “To, Baba.”

Duk da haka tafiyar da aka yi zuwa kasuwa abar a rubuta ce da ruwan zinariya. Ƙafar baro, wadda ba ta ga mai ba tun da ta bar sito, ta riƙa kuka mai ratsa zukata, kaji suka watse, awaki suka yi mubaya'a, Shekarau ya busa usur har ƙosai ya shaƙe shi, mai wannan tarihi yana biye da takalman jarumi a hannu, wanda shi ne aiki mafi girma da ya taɓa yi wa ƙungiya. Suka iso kwalbati cikin izza, suka tarar an gama. Ganin hadari, 'yan Himma da 'yan Zumunta sun haɗu sun yashe shi tas da kwanon sarki, suna zaune a inuwa ɗaya suna shan kunun tsamiya da matan adashi suka aiko.

Sai gardama ta tashi a kan ko hantsi ya wuce. Malam Nadabo ya dubi rana, ya dubi Tanimu da ke haki ƙafa duk ƙaya, ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa, ya zartar cewa hantsi ba ya wucewa sai shugaba ya shanye kununsa. Mabuɗi ya tsira. Baro kuwa kaya ɗaya ya ɗauka a ranar, wato tukunyar kunu da aka mayar wa masu ita. 'Yan Zumunta suka naɗa Tanimu Sarkin Aro, sunan da ya bi shi har jikoki. Kafin la'asar ya wanke baro, ya sa masa mai, ya mayar.

Haka aka zauna shekara da shekaru, duk ranar gayya Himma Kulob tana aron baronta, ana ce mata nata ne, tana mayarwa. Da Allah Ya yi wa Malam Cindo rasuwa aka raba gado, sai baro ya faɗo a rabon Tasalla. Tanimu da kansa ya turo shi gida, gemu ya yi fari, ya aika wa majalisa bushara cewa an yi fatahi, wato an ci yaƙi, ganima ta dawo hannun masu ita.

Da gayya ta zagayo ya sami Tasalla a tsakar gida tana tsince shinkafa, baro na gefenta cike da itace. Ya gyara murya, yana murmushin wanda ya san amsar da za a ba shi, ya ce, “Tasalla, a ara mana baro mana.”

Ta ce, “A sauke itacen a hankali. Nawa ne. Kafin la'asar.”