Tulun Ummu Sayyid

Ni da ƙuda bai isa ya sauka a kicin ɗina ba, wai ni ce abin dariya yau a unguwarmu ta Waziriyya.

Maƙwabciyata Ummu Sayyid, 'yar Masar, za ta gida ganin 'yarta, sai ta kawo min ajiyar wani tulu, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ta ce, "Amana, ya Hajja. Daga hannun mahaifiyata ya fito."

Kwana uku wari ya ishe ni, na kwance tsumman. Cuku ne cikin ruwan gishiri, fararen tsutsotsi suna ta tsalle a kansa. Na ce wannan baiwar Allah ƙazanta za ta kashe ta. Na juye shi a bola, na wanke tulun da ruwan zafi sau uku, har turaren wuta na yi masa.

Da ta dawo na miƙa mata, ina jiran godiya. Ta leƙa ciki, ta ɗora hannu a ka. "Mish ɗina! Shekara tara yana nuna!"

Na ce, "Yana ruɓewa dai. Wane mai hankali zai ci wannan?"

Ta share hawaye, ta dube ni. "Ke. Duk Juma'a, da tumatir da burodi, kina lasar yatsa kina cewa in ƙaro."

Ashe tsince tsutsotsin take yi kafin ta kawo faranti! Kuma wai ita ce mai fushi, wata biyu ba ta amsa sallamata ba.

Yanzu ko shinkafa aka zuba min na tsaya dubawa, sai jikokina su haɗa baki: "Halas, Kaka, ci abinki, ba ta motsi."