Sujada a Falon Mutane

Ba zan taɓa mantawa da ranar da council, hukumar da ke ba da gidajen gwamnati, suka kira ni duba gida ba, ko da kuwa na so in manta.

Lokacin muna unguwar Cheetham Hill a Manchester, ni da maigidana da yara uku, a wani flat mai ɗaki ɗaya a saman shagon jakunkuna. Bango ya yi baƙi saboda danshi, autata kuma ga asma. Shekaru muka yi a layin jiran gida. Duk mako in shiga intanet in nemi gidajen da aka saka, duk mako wani ya riga mu. Har ta kai in na ga hoton gida mai lambu, sai in yi masa kallon da talaka ke yi wa babban rago ana gobe Sallah.

Ran nan sai ga waya: an samu gida a unguwar Gorton, ma'aikaciyarsu za ta jira ni a ciki. Aka ja kunnena cewa in ban zo ba, na bayanmu za a ba. Maigida yana wurin aiki, don haka na ci ado na tafi ni kaɗai (ban san wa nake son burgewa ba, gidan ko council).

Wanda ya san Gorton ya san gidajen a jere suke, duk jan bulo, kamar uwa ɗaya ta haife su. Na hango ƙofa a buɗe, na ce ai nan ne. Lamba? Wa ya tsaya duba lamba! Na yi bismillah na sa ƙafar dama.

Jama'a, falo tsaf! Kujeru, kafet mai laushi, har da ƙamshin turaren wuta. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa, yaushe council suka fara turara gida? Ni kuwa cewa na yi haƙuri ya yi rana. Na faɗi na yi sujada a kafet ɗin, da hawayena shaɓe-shaɓe. Da na ɗago na kira yayata da ke Lozells a Birmingham ta bidiyo.

"Yaya, kalli! Har da kaya suka bar mana!"

"Ke, kin tabbata? Mu fa ko labule ba mu tarar ba."

"Birmingham daban, Manchester daban," na ce mata da gadara.

Na shiga zagayawa da ita. Na leƙa kicin, na buɗe firji (e, na buɗe). Sannan na fara gyara da baki. "Kujerun nan fita za su yi, na tsofaffi ne. Labulen nan kuwa, Yaya, duk wanda ya zaɓe shi Allah ya yafe masa."

"Amin," aka ce daga bayana. "Ni na zaɓa, 'yar nan. Tun daga Kano na ɗauko shi."

Na juya. Wata dattijuwa ce tsaye a bakin ƙofa, da hijabinta da kwandon shara a hannu. Ashe shara ta fita zubarwa. Yayata ta katse wayar ta bar ni ni kaɗai (har yau ban gama yafe mata ba).

Na durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Mama," na ce, alhali azahar ta wuce.

Ta yi dariya har da dafa bango. "Gidan da ba kowa kike nema ko? Na gaba ne. Tashi maza, na ga Baturiyar council tana kulle ƙofa."

Nan take kunya ta koma tsoro. Matar nan ta ja hannuna, da silifas ɗinta, muka tarar ma'aikaciyar har ta shiga mota. Dattijuwar ta ƙwanƙwasa gilashin, ta ce mata da Turancinta na 'yan Manchester, "'Yata ce, wajena ta fara biyowa gaisuwa. Haka al'adarmu take."

Aka sake buɗe ƙofa. Gidan fayau, ba kafet ba labule. Amma da na shafa bangon na ji shi a bushe ƙayau, sai wani kukan ya zo, na gaskiya wannan karon.

Yanzu a gidan muke. Tarin autata ya yi sauƙi sosai. Hajiya Binta (sunanta ke nan) ita ke ɗauko min yara daga makaranta in aiki ya riƙe ni. Sai dai duk taron suna ko biki, haka take gabatar da ni: "Ga 'yata, wadda ta buɗe min firji kafin ta gaishe ni."

Gida na roƙi Allah, ya haɗa min da uwa, sai dai ta ƙofar kunya ya shigar da ni. Na gode masa a hakan. Abin da na koya kuwa: ƙofa a buɗe ba ita ce "shigo" ba. Kuma kafin ka yi gulma da Hausa a Ingila, waiga tukuna.