Faifan 'Yan Maƙera

"Wa alaikumus salam. Wannan sallama ce ko sammaci? A hankali da ƙofar, Maigida, ba ita ta ɓata maka rai ba."

Hajiya Turai ce ta amsa daga kicin, da muciya a hannunta. Wata Asabar ce da la'asar a shekarar 1978, a gidan ɗanta Alhaji Shitu da ke unguwar Parkchester, can ƙasar waje, inda ta baro Kano ta zo zama. Wanda ya banko ƙofar jikanta ne Ishiyaku, ɗalibin kwaleji, wanda ba ta kiran sunansa saboda sunan marigayi mijinta ya ci. Da safe ta aike shi ya sayo mata goro, da kuma sabon faifan wasu masu kiɗan hebi metal, irin mai tsawa da rugugi, da ake kira Gutter Anvil. Ita 'Yan Maƙera take ce musu, don a da can kiɗansu da dukan ƙarfe duk ɗaya ne a kunnenta. Ishiyaku kuwa tun suna kiɗa a wani gareji a bayan unguwa yake bin su. Sai bana suka fito da wata waƙa mai sanyi, ta cika rediyo da talabijin, har ta shiga ran tsohuwa.

Ya dangwarar da ƙunshin goro da jakar takarda a kan tebur.

"Ga aikenki nan. Daga yau ba ni ba ke."

"Saki ne?"

"Saki uku."

"Alhamdulillahi. Mijin da gashinsa ya fi na matarsa yawa, ai rabuwa da shi hutu ne. Gobe in auri ƙaninka, shi ko banza yana wanka." Ta fito tana goge hannu, sai ta tsaya. "Juyo in gani. Wa ya yaga maka riga?"

A bayan jaket ɗinsa, inda ya ɗinka babban tambarin makaɗan, babu komai sai zare yana reto.

"Ke kika yaga," in ji shi.

"Ni ina nan ina tuƙin tuwo."

"Aikenki ne ya yaga. Har unguwar Harlem na kai kaina, titi na 125, don kada wani ɗan unguwar nan ya gan ni da wannan abin kunya. Na shiga layi tsakanin 'yan matan sakandare da wata mata mai goyo, na saya, na ɓoye a jaka kamar kayan sata. Ina shiga jirgin ƙasa mai lamba shida, wa zan gani? Rabi'u da sauran mutanenmu."

"Rabi'u mai wuyan zalɓe?"

"Shi. Ya fizge jakar ya leƙa. Mu da muka san makaɗan nan tun suna gareji mun yi alkawari babu wanda zai taɓa faifan nan. Ya ce na ci amana, ban cancanci tambarin ba. Ya sa hannu ya ɓalle shi a gaban mutane."

"Kai kuma ka tsaya kamar turmi. Ka ce musu na matarka ne mana."

"Na faɗa. Na ce na kakata ne."

"To?"

"Tarago guda ya fashe da dariya. Rabi'u ya ce magana ta ƙare, makaɗan da kakanni ke saurare sun mutu, a yi musu sallah kawai."

"Wato ni na kashe su."

"Ke kika kashe su. Tsohuwa mai ran ƙarfe, ke kin ƙi tafiya, kin tura samari huɗu kabari."

"Sai na binne ka, na ci gumbar sadakarka, na ce gishiri bai ji ba." Ta ja kujera ta zauna, ta zaro faifan tana duba hoton. "Kai, sun yi kyau. Dubi yadda suka yi aski, suka sa fararen kaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Da can kamar an tono su daga bola."

"Kamar masu tallar man goge baki dai."

"Me suka yi maka ne? Faɗa mini laifinsu ɗaya."

"Ɗaya? Sun kori makaɗin gangarsu don kamfani ya ce hannunsa ya yi nauyi. Sun kawo fiyano. Sun kawo masu goge har da mai ba su umarni da sanda. Jitar da in an kaɗa ta sai ka ji haƙoranka suna rawa, yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Ke da yake ba ki da haƙoran, ba za ki gane ba."

"Waɗanda suka rage mini sun isa in cije ka."

"Kuma an sa waƙar a tallar sabulun wanke gashi. Ko'ina ita ce. Banki ita ce. Wurin likitan haƙori ita ce. Ranar nan na shiga lif zan hau bene, ita ce."

"Ni a gidan wanki na fara jin ta. Ina ninke zannuwa sai na ji wata murya kamar ana lallashin jariri. Na ce wa 'yar ƙasar Fotoriko da ke kusa da ni, wane ne wannan? Da ta nuna mini hotonsu a jarida sai da na zauna. Na ce ashe yaran nan sun iya waƙa, shekara da shekaru suna ɓoyewa."

"Wannan ba waƙa ba ce, kunun jarirai ne."

"Kunun kuwa ya karɓi mutane. Laifinsu dai sun ƙoshi, Maigida. Kun fi son su da yunwa, da takalmi ɓulalle, suna kiɗa a gareji ku 'yan tsiraru kuna girgiza kai kamar ƙadangaru. Abin taƙamarku shi ne kuna son abin da kowa ya ƙi. Yanzu da kowa ya so, ba ku da abin taƙama."

"Namu ne."

"Gado aka bar muku?"

"Mu muka ɗaga su. Lokacin da babu gidan rediyon da zai sa su, mu muke bin bango muna manna takardun wasansu cikin ƙanƙara. Ni na riƙa ɗaukar musu sifika a kaina, ban taɓa karɓar ko lemo ba."

"Na sani. Kwandon wankina ka ce bayanka na ciwo, sifikar ƙatti kuwa ka ɗauka da gudu. To kun ɗaga su, sun ɗagu. So kuke su tsaya a daidai kafaɗarku har abada? Uban naka da ya samu aikin ofis ya bar Kano, na ce ya ci amanar unguwa?"

"Baba bai canza murya ba."

"Ya canza. Turanci yake yi da hanci yanzu."

Ishiyaku bai yi dariya ba. Ya tuɓe jaket ɗin ya jefar a kan kujera, ya tsaya a bakin taga ya ba ta baya. Turai ta ɓare goro ta kai baki, tana kallon ƙeyarsa.

"Wannan kumburin ya fi ƙarfin riga," ta ce. "Fito da sauran."

Ya juyo daga taga ya dube ta.

"Makon jiya sun zo wani babban kanti a Manhattan suna sa wa mutane hannu a hoto. Na je. Ban gaya wa kowa ba. Na ce bari in ga Vinnie ido da ido, in tambaye shi me ya sa."

"Wane ne Bini?"

"Mawaƙin. Dogon."

"Dogo dai nawa?"

"Shi. Na bi layi har na kai gabansa. Na ce, Vinnie, ni ne. Ya ɗago ya dube ni ta cikin baƙin tabarau, ya yi murmushin da yake yi wa kowa, ya ce, 'What's your name, man?' Sunana yake tambaya, Hajiya. Na faɗa masa. Ya ce in maimaita. Sai ya rubuta wani abu daban, wani ƙato ya dafa kafaɗata ya ce in matsa."

Turai ta daina tauna.

"Dogon da ka kawo mini gidan nan cikin sanyi yana rawar ɗari?"

"Shi."

"Wanda ya zauna a kujerar can, ya ci tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, yaji yana sa shi hawaye yana miƙo kwano a ƙara?"

"Shi dai."

"Wanda yake ce mini Mama? Wanda na ba shi safar uban naka don tasa duk ta huje?"

"Na ce miki shi ne."

Ta miƙe. Ta zare faifan daga kwalinsa ta kwantar a kan tebur, ta ɗaga muciya da hannu biyu.

"Yau zan ga ko shi ma ƙarfe ne."

Ishiyaku ya yi tsalle ya fizge faifan. Muciya ta sauka a kan tebur, goro ya watse a ƙasa.

"Me kike yi haka?"

"Ba ni nan. Ni ce kaɗai nake da ikon wulaƙanta ka a garin nan. Ban ba kowa aro ba, balle wani mai ƙafafu kamar sandar rake."

"Saboda faifan nan aka yaga mini riga, aka yi mini dariya a jirgi. Ba za ki fasa shi a banza ba."

"Yanzu ka gama cewa sun mutu."

"Sun mutu, amma gawar tamu ce."

"Ka ji ragon miji. An mare shi yana kare hannun da ya mare shi."

"Ba kare su nake ba. Ni zan zage su, ba ke ba. Ke da kika san su a gidan wanki, ba ki kai ki yi fushi da su ba."

"Ni da na ciyar? Kai sifika ka ɗauka, ni cikinsa na ɗauka. Duk wata tsawa da ya yi a garejin nan, da tuwona ya yi ta."

"To ki bar mini. Ranar Juma'a zan gaya masa da bakina."

"A ina za ka gan shi?"

Ishiyaku ya shiga share ƙurar da babu ita a kan faifan.

"Maigida, da kai nake."

"Za su yi wasa a babban zauren nan na Manhattan."

"Kyauta ake shiga?"

"A'a."

"Ka sayi tikiti ke nan."

"Na saya don in yi musu ihu."

"Rabi'u ya sani?"

"Shi ma ya saya."

"Sauran fa?"

"Duk mun saya. Layin kujerunmu ɗaya."

Turai ta ajiye muciya a hankali, ta riƙe ƙugu.

"Tsaya in gane. Ya yaga maka riga don ka sayi faifai, shi kuwa da tikiti a aljihunsa."

"Faifai daban, tikiti daban. Tikiti na yaƙi ne."

"Yaƙin da kuke biyan abokin gaba kuɗin shiga. Allah ya ba ni maƙiya irinku, in gina bene a Fagge. A ina layin naku yake?"

"Can sama."

"Sama ina?"

"Na ƙarshe. Kusa da rufi."

"Daga can ko tsawa aka yi ba zai ji ba. Me za ku ce masa?"

"Abin da ake cewa."

"Faɗa in ji."

Ya turo baki. "Buuu."

Turai ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Shi ke nan?"

"Haka ake yi a nan."

"Saniyar da aka raba da ɗanta ta fi ka iya magana. Mutum ya ci tuwon gidanku ya manta sunanka, ka hau jirgi, ka hau bene har rufi, ka ce masa bu? Samo mini tikiti. Ni in na buɗe murya daga Jakara, a Ƙofar Mata ake amsawa."

"Ki rufa mini asiri. In aka gan ni da ke a zauren nan, sai dai in koma Kano."

"To buɗe kunnenka. In ya fara waƙar nan mai sanyi, kowa ya yi tsit, sai ka miƙe. Ka ce, kai Dogo, mai wuya kamar mariƙin lema, mai gwiwa kamar ƙullin igiya, tsohuwar Parkchester ta ce ka dawo da safar mutane. Ka ce ta ce tun kana kuka da majina a kan miyar gyaɗa ta san ka, kuma farar rigar nan ba ta ɓoye haƙarƙarin ba."

"Da Hausa zan faɗa?"

"Zagi ba ya bukatar tafinta. In ya fito daga ciki, zai gane."

Ishiyaku ya cije leɓe. Ya juya kai wajen taga, kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariyar ta ƙwace masa, har sai da ya zauna a ƙasa cikin goron da ya watse, faifan rungume a ƙirjinsa.

"Kin ci, tsohuwa," ya ce yana share ido. "Na mayar da ke."

"Bayan saki uku? Sai na yi shawara." Ta ɗauki muciyar ta miƙa masa ta wajen mariƙi. "Ungo. In ka faɗa bai juyo ba, ka jefa. Amma ka sauka ka ɗauko mini abata, babu irinta a garin nan."