Ranar da jirgi ya tafi ya bar Kawu

Na amsa laifina. Mako biyu kacal na yi ina koyon haɗa katun a kwamfuta, na ce wa masuntan Yelwa zan yi musu na jan hankali kan sanya rigar ruwa mai hana nutsewa. Na zana shugabansu, wato Kawuna, zaune cikin jirgi.

Abin ya burge ni. A layin lokaci na manhajar, ka dasa ɗigo inda motsi zai fara, ka dasa wani inda zai ƙare, ita ta cike tsakani. Na yi ta jan ɗigon jirgin ina mamaki, na manta Kawu ma yana da nasa layin. Ban duba ba, ai na ƙware.

Ranar taron masuntan na kunna musu katun ɗin. Jirgi ya nufi garin Warra, Kawu na zaune bisa ruwa yana tuƙi da ƙwazo.

Wani dattijo ya tambaya, da gaske, ko aikin rigar ke nan.

Kawu ya ce, "Shekara arba'in jirgi bai gudu ya bar ni ba, sai a hannun ɗan ƙanwata."

Har yau in na je bakin ruwa, matuƙa kan ce, "Malam, tare da jirgin za ka, ko a bar ka nan?"