Yadda Ake Yi Wa Wiwi Feshi Irin Na Hekuran

Ɗan'uwa, in ƙananan jajayen gizo-gizon nan sun sauka a gonarka ta bayan dutse, ganyen wiwi ya fara ɗorawa-ɗorawa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin girbi ba abin da zai saura yana motsi a gonar, har da mai gonar in ya dage. Ba da ka nake magana ba. Maƙwabcina Hekuran, gwanin manoman ƙauyenmu nan kudancin Albaniya, ya bi su bara, ina kallo ta kan katanga.

1. Sayi maganin da ba shi da suna

Kada ka je kantin kayan noma, can sai an tambaye ka me ka shuka. Je kasuwar Asabar, wurin saurayin nan da ke sayarwa a bayan motarsa, ya ɗura maka a gorar lemo.

"Kawu Hekuran, wannan daga ƙetare ya tsallako," in ji shi. "Can an hana amfani da shi."

"Don me?"

"Ya fi ƙarfinsu."

Hekuran ko ragi bai nema ba. Ka riƙe wannan: magani mai takarda a jikinsa na masu son karatu ne.

2. Awo na ragwaye ne

In an ce murfi ɗaya, kai dai ka tuttula har sai idonka ya kawo ruwa. Dama da abin da ya fi kusa.

"Kai mutumin nan, ludayin miyata ne wannan!" in ji matarsa Sadete.

"To a ɗauraye mana. Cinye shi na yi?"

3. Girmama kayan gado

Famfon feshi na goyo da mahaifinka ya bari ya ishe ka. In yana yoyo yana bin gadon bayanka, sanyi ne kyauta. In bakinsa ya toshe, kada ka ɓata lokaci neman tsinke, sa a baki ka hura. Allah bai ba ka huhu don ado ba.

Sai batun takunkumi. 'Yar Hekuran da ke aiki a Italiya ta aiko masa da shi, har da safar hannu da tabarau. Ya kuskura ya sa, ya bi ta gaban shagon kofi, maza suna zaune.

"A'a, likita! Barka da fitowa. Akuyar wa za a yi wa tiyata?"

"Ku bar shi, amarya ce, kunya take ji!"

Tun daga ranar takunkumin yake rataye a rumfar inabi. Yana aiki ƙwarai, tsuntsaye ba sa zuwa.

4. Zaɓi lokacinka

Tsakar rana, da singileti, kana fuskantar iska, sigari a baki. Kuma ka jira sai fure ya kusa yanka. Furen wiwi danƙo gare shi, abin da ya kama ba ya saki, kuma ba wanda ke wanke shi kafin ya kunna masa wuta. Ka ga ko ɗigo bai tafi a banza ba.

5. In jiri ya zo, ga makari

Kurɓi raki, barasar nan tamu ta inabi, ka bi da kindirmo. Kakanninmu haka suka yi, waɗanda suka rayu za su ba ka shaida.

Hekuran ya kurɓa, ya koma aiki. Da Sadete ta hau dutsen kai masa burek, burodin nan namu mai cuku a ciki, sai ta tarar da shi kwance tsakanin shuka, yawu na dalala, ƙafafunsa na zillo kamar yankakken zakara. Ba ta yi ihu ba, don a irin wannan gona ba a ihu. Ta yage masa singiletin, ta juye masa ruwan shan da ta zo da shi, ta yi ta kokawa har ta ɗora shi kan alfadari. A gindin dutse ƙanenta ya sa su a mota sai asibitin birni.

6. Gaban likita, riƙe sirri

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa. Ta ɗaga fatar idonsa.

"Baba, me ka fesa?"

"Ruwa," in ji shi da ƙyar.

"A kan me?"

"Tumatir."

"Ikon Allah. Duk wanda aka kawo min daga ƙauyenku tumatir yake nomawa, amma ban taɓa ganin tumatirinku a kasuwa ba. Ni ba 'yar sanda ba ce, Baba. Sunan maganin nake so, numfashinka yana tafiya."

Sadete ta zaro gorar daga jaka ta miƙa mata. Likita ta juya ta. Hoton lemo ne a jiki, da alkawarin wartsakewa.

"Inna, sai canke ya rage min. Ki yi addu'a ya faɗa daidai."

Ya faɗa daidai. Hekuran ya dawo gida da ƙafarsa, sai dai har yau kofi ba ya isa bakinsa a cike. Mazan shago sun daina tsokanarsa, su ne ma ke riƙe masa faranti. Ka ga ke nan, har girma ya ƙaru.

7. San wanda za ka ba

Gizo-gizo sun mutu, amfani ya yi kyau, aka busar aka ɗura a buhuna. Ranar da motar dillali za ta zo, sai ga Lumturi, matar tsohon malamin makarantarmu. Mijinta ciwon daji ke cinsa, ba ya barci. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen gyalenta.

"Hekuran, an ce in an dafa shi da man zaitun yana rage zogi. Ɗan kaɗan nake so."

"Haba Yaya Lumturi, Malam fa shi ya koya min rubuta sunana!" Ya buɗe buhu, ya cika mata leda har tana zuba.

Sadete ta fito daga kicin da gudu ta fizge ledar.

"Ajiye, Yaya. Kada ki kai wa Malam wannan."

Kunya ta rufe Lumturi. Sadete ta ja ta bayan gida, inda take da 'yan tushen wiwi a tsohuwar garwa cikin ɗoɗɗoyarta, waɗanda famfo bai taɓa kusanta ba. Ta yanke mata duka.

"To wancan me ya same shi?" in ji Lumturi.

"Ba komai. Wancan na sayarwa ne."

Kafin la'asar mota ta kwashe buhunan ta nufi bakin teku.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san wani Hekuran ba, bai taɓa ganin wiwi ba, ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba. In ka bi matakan nan hannunka ya kama rawa, tsufa ne. In kudan zumanka sun ƙare, hassada ce. In kuwa kai ne can ƙetaren teku, ka naɗa ka kunna, ƙirjinka ya riƙe, ka yi haƙuri, laifinka ne. Da ka zo mun san fuskarka, da an zaga da kai bayan gida.